Ka tura takardun yanzu, amma ta haihu a Katsina

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce gayyatar neman zaman dindindin a Kanada ta fito maka ta tsarin Express Entry, wanda ake ɗibar ma'aikata da shi bisa maki, ga maiɗakinka da ciki wata huɗu, kana tunanin ko ka dakata sai ta sauka, ko kuwa ku yi gaggawa ta haihu a nan Kanada yaron ya samu fasfo. Allah Ya raba lafiya. Shawarata ita ce ka tura yanzu, ka kuma cire haihuwar Kanada daga lissafi.

Gayyatar nan kwana 60 take yi. Ta wuce, sai ka sake shiga layi, kuma makin da aka ɗauke ka da shi yau babu tabbacin zai isa gobe. Ga shi ka kusa shekara 30, daga nan makin shekaru yake fara raguwa, sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ma shekara 2 yake yi ya mutu.

Batun haihuwa a nan kuwa, gaskiya ne duk wanda aka haifa a Kanada ɗan ƙasa ne, in ba ɗan jami'in jakadanci ba. To amma yi lissafi. Wata 5 ya rage mata, su kuma jami'an shige da ficen Kanada wata 6 suke ɗibar wa kansu bayan takardu sun cika. Ko an yi sa'a an amsa da wuri, yawancin kamfanonin jirgi ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako 36. Ga gwajin lafiya, wanda akwai hoton ƙirji a ciki saboda tarin fuka. Mai ciki tana da damar jinkirta hoton sai ta haihu, fayil ɗin kuma ya tsaya jiranta. Ni dai ba zan matsa wa ƙanwata kan hoton nan don a rage wata biyu ba, sauri kan haifi nawa.

Sannan ka tuna haihuwar fari ce. A nan babu goyon ciki, babu mai tashi da asuba ta dafa mata ruwan wankan jego da ganyen darbejiya, balle kunun kanwa. Sabon zuwa, ba aiki, hunturu na jiran ku. Kuɗin hutun haihuwa ma sai wadda ta yi aikin awa 600 ake biya, kuma a lardin British Columbia sai an jira kusan wata 3 inshorar lafiya ta fara aiki. Bar ta gaban Hajiya ta yi arba'in ɗinta cikin kwanciyar hankali.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne bayan haihuwar. Da ta haihu, ka sanar da hukumar shige da ficen Kanada a sa jaririn cikin fayil. Ko da biza ta riga ta fito, kada ku hau jirgi sai an ƙara shi. Wasu sukan ce a bar jariri wajen kaka, in an zauna da gindi a ɗauko shi. Dokarsu ta ce ɗan da ba a bayyana ba, ba a kuma yi masa gwajin lafiya ba kafin ka zama mazaunin dindindin, ana iya hana ka ɗauko shi daga baya. Ko za a bar shi a gida na wani lokaci, dole sunansa ya shiga.

Da an watse daga taron suna, ka nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin asibiti bai wadatar ba. Daga nan lambar NIN, sai fasfo a ofishin shige da fice na Katsina. In sunan Baba aka mayar kuna kiran sa Abba ko Walid, sunan yanka za ka rubuta, harafi da harafi iri ɗaya a kowace takarda. Kada nan Muhammad can Mohammed.

Jaririn ma sai likitan da Kanada ta amince da shi ya duba shi, don haka ka shirya wata tafiyar Abuja da mai jego. Akwai kuɗin ƙara shi a fayil, kuma kuɗin da za ka nuna a banki zai koma na mutum uku. Fara tara cikon tun yanzu, kafin ragon suna da kayan barka su cinye shi.

Ka gaishe da Hajiya da mai jiki.