Ganyen peace lily ya langaɓe: ƙishi ne ko ruwa ya yi yawa?

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa shukar adon nan ta cikin gida, peace lily, da na damƙa maka take langaɓewa alhali kullum kana ba ta ruwa, ga shi kuma ta ƙi yin fure. To, ruwan kullum ɗin nan shi ne yake neman hallaka ta.

Wannan shuka, wadda masana suke kira Spathiphyllum, asalinta dazuzzukan Kolombiya da maƙwabtanta ne, inda take tsirowa a ƙarƙashin manyan itatuwa, cikin ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Idan ta ji ƙishi ganyenta yakan zube, kuma da zarar an shayar da ita sai ta miƙe cikin 'yan sa'o'i. Amma idan saiwoyinta suka daɗe a cikin caɓi, sai su rasa iska su ruɓe, su kasa jan ruwa, ganyen kuma ya zube tamkar na mai ƙishi. A nan ne sabon hannu yake ruɗewa ya ƙara mata ruwa. Saboda haka kada ka dogara da ido. Ka tura yatsanka cikin ƙasar har gaɓa ta farko. In ka ji bushewa, ka zuba ruwa sosai har ya fito ta hudar gindin tukunya, sannan ka zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashinta, in kuwa ka ji danshi ka ƙyale ta.

Ita wannan da ke hannunka, yau ɗin nan ka zare ta daga tukunyar ka duba. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa ta yi baƙi-baƙi, tana wari, tana dagargajewa a tsakanin yatsu. Ka yanke ruɓaɓɓun da wuƙa mai tsabta, ka sake dasa ta a sabuwar ƙasa mai sakwa-sakwa, cikin tukunyar da ba ta fi ƙarfinta ba, domin babbar tukunya tana riƙe ruwan da shukar ba za ta iya shanyewa ba.

Batun fure kuwa na haske ne. Tana jure duhun ɗaki, amma ba ta cika yin fure a cikinsa ba. Ka matsar da ita kusa da taga, inda rana ba za ta dake ta kai tsaye ta ƙona ganyen ba. Tana son ɗumi tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyus. Kada kuma ka gwada ta da waɗanda ake sayarwa cike da fure, domin manyan masu renon shuke-shuke sukan fesa musu sinadarin gibberellin don su fitar da shi da wuri.

Duk wanda zai karɓi wannan shuka daga hannunka, ka gaya masa ya nisanta ta daga ƙananan yara da kyanwa da kare, domin ganyenta yana ɗauke da sinadarin calcium oxalate mai sa raɗaɗi da kumburi a baki idan aka tauna.