Google Lens ya ba ni suna uku na ƙwaro ɗaya, wanne zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tarar da wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu ɗigo-ɗigon ruwan goro a bayan ganyen shukokin lambuna. Na ɗauki hotonsu na saka a Google Lens, sai ya kawo mini sunaye uku. Wanne ne daidai, ko kuwa in yi feshi kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Don Allah ki dakata da feshin nan tukuna.

Lens kwatanta hotonki yake yi da hotunan da ke intanet, ya kawo waɗanda suka fi kama da shi. Ƙwarin da masana suka raɗa wa suna sun kai kusan iri miliyan 1, da yawansu kuma sai an ƙura ido ake bambance su. Shi ya sa hoto mai dishi-dishi ke jawo sunaye barkatai.

Yawanci matsalar daga kusanto da waya take, domin kyamara ba ta iya fito da abin da ya matse ta. Ki ja baya kamar taƙi guda, ki zuƙo hoton ninki 2, sannan ki danna yatsa a kan ƙwaron har ƙafafunsa su fito ɓaro-ɓaro. Ki kashe filas. Da sassafe ya fi, lokacin sanyi bai sake su ba, ba sa saurin gudu. Ki ɗauka ta sama, ki ɗauka ta gefe, ki haɗa da ganyen da aka ci. A cikin Lens ki matse akwatin ya tsaya a kan ƙwaron kaɗai, in ba haka ba sunan shukar zai ba ki.

Ni dai na fi natsuwa da iNaturalist, manhajar gane ƙwari da tsirrai da dabbobi, wadda aka faro a 2008 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A can, bayan hasashen manhaja, mutane ne ke duba hoton, kuma sai fiye da kashi 2 cikin 3 na masu dubawa sun yarda da suna ɗaya kafin a ɗauke shi tabbatacce. Ki bar ta ta san yankin da kike, don hakan na rage kuskure sosai. Akwai wurin ɓoye ainihin inda gidanki yake. In babu data, manhajarsu ta Seek tana gane ƙwaro ba tare da intanet ba.

Siffar da kika bayar ta yi kama da 'ya'yan wata ƙaramar buzuzuwa ja mai ɗigon baƙi a baya. In dogaye ne, masu ƙafa 6 da ƙaya-ƙaya a jiki, ki duba kusa da su ko akwai darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu taruwa suna tsotse ruwan ganye har ya naɗe ya yi danƙo. In kin ga darɓa, to ita 'ya'yan buzuzuwar suke ci, feshi kuma zai kashe har da su. Ki turo mini sabon hoton mu duba tare.