Zaman Kan Tsauni: Sanyi, Tafiyar Ƙafa da Saƙa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Aiki zai kai mu, ni da maigidana, wani ƙauye da ke kan tsauni, an ce tsayin wurin ya kai mita 2,000. Hotunansa sun burge ni, amma hankalina ya ƙi kwanciya, ga sanyi ga kaɗaici. Wane irin kaya zan tanada? Kuma da gaske ne saƙa na ɗebe kewa, ko faɗa ce kawai? Daga wata amarya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa alheri ne ya kira ku. Bari in fara da sanyin, tunda shi zai fara tarbar ki. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6.5. Ke nan inda za ki zauna zai fi bakin teku sanyi da kamar digiri 13. Da rana ba za ki yarda ba, don ranar kan tsauni ta ma fi ƙona fata. Amma tana faɗawa bayan dutse, sai sanyi ya sauko lokaci guda, kafin ki kwashe shanya yatsunki sun fara ƙagewa.

Sanyi shi kaɗai ana iya masa. Sanyi da jiƙa ne ke kayar da mutum, kuma jiƙar nan sau da yawa guminki ne. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ta manne a baya tana zuƙe ɗumin jiki. Ulu kuwa, wato gashin tumaki, yana iya shan danshin da ya kai kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba ki ji shi a jiƙe ba. Ki ɗauki silin ulu ɗaya ki ɗaga shi a haske, za ki ga a lanƙwashe yake. Lanƙwasar nan ce ke tare iska a tsakanin zaren, iskar kuma ta riƙe miki ɗumi. Saboda haka ki nemi riguna marasa kauri guda biyu ko uku da za ki ɗora ɗaya kan ɗaya, da wata ta sama mai tare iska da ruwa, sun fi jibgegiyar riga ɗaya da za ki yi gumi a ciki ki kasa cirewa. Sai hular sanyi, safar hannu, da safar ƙafa masu yawa. Idan fatarki ba ta son ƙaiƙayi, ki tambayi ulun merino, na tumakin da asalinsu Sifen ne, yanzu kuma Ostireliya ta fi kowa kiwon su, ko na alfaka, dabbar tsaunukan Andis ta ƙasar Peru. Zaren roba ya fi sauƙin wanki kuma ya dace da mai koyo, sai dai narkewa yake idan wuta ta taɓa shi, kada ki sa shi ki matsa kusa da murhu.

Tunda na ambaci wuta, ki ji wannan da kunnen basira: komai tsananin sanyi, kada ku kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci take tafiya da shi. Ku ɗumama ɗakin, ku fitar da wutar, ku ƙara bargo. Kada kuma ki zargi kanki in girki ya riƙa daɗewa, a can ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93 maimakon 100.

Maganar kewa kuwa, ba zan ɓoye miki ba, watannin farko da nauyi. Shirun wurin har ƙara yake a kunnen wanda ya saba da hayaniya. A nan ne saƙa ta yi mini rana, kuma ina sa ran za ta yi miki. Hannu na aiki, zuciya na hutawa, da yamma kuma ga abin da ya ƙaru a cinyarki kina iya auna shi da yatsu. Ki fara da mayafin wuya, da zare mai kauri mai haske don ki riƙa ganin kowane ɗauri, da allurar saƙa mai kaurin milimita 5 ko 6. Ɗauri iri biyu ne kacal, na gaba da na baya, duk adon da kike gani a jikin suwaita daga su ya fito. In kin yi kuskure ki warware, zare ba ya fushi. Daga mayafi sai hula, daga hula sai safa, wadda ni a wurina ita ce sarauniyar saƙa. Ranar da kika fara juya dunduniya, kika ga miƙaƙƙen abu ya lanƙwasa ya ɗauki siffar ƙafa a hannunki, za ki so ki nuna wa duk wanda ya shigo. Tsohuwar sana'a ce, cikin tsofaffin kayan saƙa irin wannan da aka gano akwai safunan auduga daga Masar da suka kusa shekara dubu.

Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki kulle kanki da zare. Ki ɗauki saƙarki ki je ki gaishe da maƙwabta, ki zauna kusa da dattijuwar da ta fi ki iyawa ki ce ta gyara miki. Ko ba kwa jin yaren juna, hannu zai yi magana. Da sassafe kuma ki fita ko na ɗan lokaci ne, ki ga hazo ya cika kwari fal, kawunan duwatsu kaɗai suka leƙo, raɓa ta zauna ɗigo-ɗigo a gashin hannun rigarki ba ta shiga ciki ba.

Tambaya: Hajiya, na yi ritaya, shekaruna sun haura 60. Ina sha'awar in fara hawan tsauni da ƙafa don motsa jiki da kallon halittun Allah, amma ina tsoron haki da ciwon gwiwa. Ta ina zan fara? Daga wani tsohon malami.

Amsa: Baba, sannu da hutawa, kuma sha'awar nan taka mai kyau ce. Ka fara da ganin likita ya duba zuciya da hawan jini. In ya ba ka dama, ka fara da ƙananan tuddai, da takun da za ka iya hira a cikinsa ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In magana ta gagara, ka rage sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai lissafin da wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau ana aiki da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Na masu ƙarfi a jika ne, kai ka ƙara rabinsa a kai, har da lokacin zama. Ka fita da sassafe, don a wurare da yawa hadarin kan tsauni da rana yake haɗuwa, kuma ba a son tsawa ta sami mutum a ƙololuwa. Ka yanke lokacin juyowa tun daga gida, in ya cika ka juyo ko da saman na gabanka. Ka faɗa wa wani hanyar da za ka bi, ka ɗauki ruwa, tocila da rigar ulu ko da gari ya yi ɗumi.

Gwiwa a gangare take shan wuya, don haka ka riƙe sanda, ka gajarta taku. Idan wata rana ka haura mita 2,500 ka ji ciwon kai, jiri ko tashin zuciya, jikinka ne bai saba da ƙarancin iska ba. Kada ka ƙara hawa, in abin ya ƙaru ka sauko nan take. Kuma Baba, ka riƙa tsayawa. Mai sauri ba ya ganin shaho ya buɗe fiffike yana hawa kan iska mai ɗumi ba ko kaɗawa, ba ya lura bishiyoyi na gajarta suna rarrabewa yayin da yake ƙara sama.

Tambaya: Anti, na wanke suwaitar ulu da mahaifiyata ta saƙa mini, ta tsuke ta yi tauri. Akwai gyara? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ayya 'yata, na taya ki jin ciwo. Gashin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, ruwan zafi da cuɗawa su ke sa su sarƙe da juna. In ta ɗan tsuke ne kawai, ki jiƙa ta a ruwa mai ɗan ɗumi da man laushin gashi, ki matse a cikin tawul, ki shimfiɗa ki ja ta a hankali. In ta riga ta dunƙule har ba a ganin ɗaurin, ba za ta dawo ba, amma kada ki yar. Yanzu almakashi ba zai sa ta warware ba, ki yanka ki ɗinka safar hannu ko hula, saƙar Mama na nan tare da ke. Nan gaba ki yi wanki da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ban da murɗewa, ki shanya a kwance a inuwa. Kafin ki adana ta kuma ki tabbatar wankakkiya ce, don asu ya fi bin ulun da ke da gumi.