Amsa ga ƙanwarmu mai son mastas a kan kiyaye daji

Salam ƙanwata. Na ga tambayarki, kin gama sabis kina son yin mastas a kan kiyaye daji da muhalli, amma Baba ya ce karatun daji ba ya kawo tuwo, shin akwai aiki a ciki? Ni ma haka tsohona ya ce min a unguwar Aboabo a Kumasi, wai gadin birai zan je yi.

Ni a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi a Ghana, na yi nawa, aikin fili kuma a gonakin koko ta wajen Ofinso. Kin san ba ƙudan zuma ke haɗa wa koko fure ba? Wasu 'yan mitsil-mitsil ɗin ƙudaje ne da ƙyar ido ke kama su, a ruɓaɓɓen ɓawon koko da ganye da kututturen ayaba suke hayayyafa. To manomi ya share gona tas, ya sare itatuwan inuwa, ya yi ta feshin magani ba lissafi, sai fure ya yi ta zuba ba 'ya'ya, ya ce ai sammu aka yi masa. Wani dattijo ya same ni durƙushe ina tonon ɓawo da safe, ya tambayi yaron da ke rakiyata ko lafiyata ƙalau. A 2017 COCOBOD, hukumar koko ta Ghana, har matasa ta ɗauka suna haɗa furen da hannu da ɗan hantsaki, aikin da ƙuda ke yi kyauta. Ran da na ba tsohona wannan labarin shiru ya yi.

Don haka bincikenki ki ɗaure shi da aljihun manomi ko tukunyarsa, ƙasar noma ce, ruwan kogin Ofin da galamse (haƙar zinariya ba bisa doka ba) ta mayar kamar kunu ne, ko kaɗanya da zuma a arewa. "Ceton daji" kawai ba wanda zai saurare ki.

Aiki akwai amma ba a kwance yake ba. FORIG, cibiyar binciken gandun daji, da cibiyar binciken amfanin gona suna nan Fumesuwa, ta binciken ƙasar noma tana Kwadaso, ga hukumar gandun daji, ga ƙungiyoyin kiyaye muhalli irin su A Rocha. Ki koyi GIS (zana taswira da kwamfuta) da R (manhajar nazarin alƙaluma) tun yanzu wallahi, tun da Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigar mata da kayan da aka sare daji aka noma a 2023 kamfanonin koko ke neman masu iya zana taswirar gona.

Kuma kar ki fara sai kin san inda kuɗin aikin fili zai fito. Ni na shiga da ka, wata na huɗu sai da na sai da babur ɗina.