Ruwa ya janye ya bar mana ciwo: amsoshin tambayoyinku na wannan makon

Assalamu alaikum jama'a. Tun da ruwan Agusta ya kankama saƙonninku ke shigo min kusan kala ɗaya, kuma ban yi mamaki ba, duk wanda ya ga 2020 a nan Kebbi, yadda Kwara da Gulbin Rima suka cika suka kwanta kan shinkafar mutane tun daga Argungu har Bagudo da Yauri, ya san ranar da ruwa ya janye ita ce ranar da layin asibiti ke fara tsawo. Na ɗauko biyar. Sunaye na cire su kamar kullum.

Wata uwa daga Bagudo: "Slm likita, ruwa ya shiga rijiyarmu da masai duka, yanzu ya janye. Muna sa alimun ruwan ya kwanta garau sannan mu sha. Amma ɗiyana mai shekara ukku tun daren jiya shina zawo, yau fari-fari kamar ruwan shinkafa, mun ba shi Flagyl daga kemis bai tsaya ba. Mi za mu yi?"

Hajiya ajiye wayar nan ki fara da yaron. Zawo fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa, a lokacin ambaliya, mu kwalara muke kiransa har sai gwaji ya ƙaryata mu, ita kuwa ba ta jiran gari ya waye, cikin sa'o'i take tsotse ruwan jikin babba balle ɗan shekara uku. Ki sa a kai shi asibiti mafi kusa yanzu, kuma tun a hanya a riƙa ɗura masa ruwan gishiri da suga. In akwai ORS na leda shi ya fi, leda ɗaya a lita ɗaya. In babu, ki samu tafasasshen ruwa lita ɗaya (fiya wata biyu kenan), suga cokalin shayi 6 a shafe ba a tsiri ba, gishiri rabin cokalin shayi. Ki ɗanɗana, kar ya fi hawaye gishiri. Kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba. Idan kin ga ido ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko kin tsunkuli fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma da wuri ba, to wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya, ba aikin gida ba ne kuma. Ki tambayi zinc, ƙwaya ɗaya ta 20mg kullum har kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya.

Flagyl ɗin nan wallahi ya isheni. Ba ya taɓa kwalara, abin da yake yi kawai ya sa hankalin uwa ya kwanta ta ce ai na ba da magani, a yi asarar dare guda. A 2021 mutum sama da dubu ɗari aka lissafa sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohinmu na arewa ne suka fi shan wuya.

Sai maganar alimun. Alimun laka yake kwantarwa, ba ya kashe komai, ruwa na iya yin garau kamar na Zamzam a ido alhali kashin masai na ciki. Ki kwantar da shi da alimun ɗin ba laifi, sannan ki tafasa har ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, ko ki sa maganin kilorin na tsabtace ruwa, WaterGuard ko Aquatabs, ki jira minti 30. Kuma ki lura da moɗa, yara kowa ya zo ya tsoma hannu a randa ya mayar da aikin baya. Rijiyar kuma sai an yashe ta an sa mata kilorin kafin a koma mata.

Wani manomi daga Suru: "Likita maciji ya sari ƙanena a fadama muna kwashe abin da ya rage na shinkafa. Munka ɗaure ƙafar da roba, anka tsaga anka sa dutsen maciji. Yau kwana biyu ƙafar ta kumbura kuma da ya yi asuwaki jini na fita a dasashi. Shi dai ya ce ya ji sauƙi."

Malam, jinin dasashin nan shi ne duk labarin. Alama ce ta dafin da ke hana jini daskarewa, irin na kububuwa, kuma yaudararta kenan, mutum na zaune yana hira yana cin tuwo jini na tsiyaya a ciki, kwana uku ko biyar sai a ji ya faɗi. Ku kawo shi yau, ba gobe ba. A asibiti za a ɗebi jininsa a sa a kwalba mai tsabta a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san allurar kashe dafi yake buƙata, irin EchiTAb da ake amfani da ita a asibitin macizai na Kaltungo a Gombe. Ku fara bugawa ku tambaya ko akwai ta kafin ku kama hanya, dan ba ko'ina ake samu ba, gaskiya kenan.

Ɗaurin roba kuwa, na taɓa karɓar wani saurayi da aka ɗauko a kan mashin, an ɗaure masa ƙauri da robar tayar keke tun hantsi sai bayan la'asar suka iso. Yatsun sun yi baƙi sun yi sanyi kamar ba a jikin mai rai suke ba. Dafin mun ci ƙarfinsa, ƙafar ce muka yi makonni muna fama da ita, kuma ba maciji ne ya yi mata haka ba. Tsaga ma ga wanda jininsa ba ya daskarewa ƙofa ce aka buɗe. Abin yi tun farko shi ne a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da guru ko duk abin da ya matse, a sa wa ƙafar karan ɗori kamar an samu karaya kar ta motsa, a ɗauke shi kar ya taka. In ciwo ya dame shi Panadol kaɗai, banda aspirin, banda diclofenac da ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Kuma ku sani ruwa ya kori macizai daga ramukansu, yanzu suna ƙarƙashin dami da gindin rumbu da ɗakin kaji, kar a cusa hannu inda ido bai gani ba, da dare a riƙe tocila.

Wani ɗan Aliero mai albasa a Mile 12, Legas: "Likita nan kullum cikin ruwa muke har gwiwa, ruwa ya ci min tsakanin yatsun ƙafa, ƙaiƙayi da wari. Shekaranjiya kuma ƙusa ta soke ni a cikin ruwan."

Ƙanena sannu da nema. Legas dama a bakin teku take kuma ƙasa-ƙasa, in ruwan sama mai ƙarfi ya haɗu da lokacin da teku ta cika sai kwatoci su rasa inda za su zubar su dawo da baya, ku kuma na wajen Mile 12 da Owode ga kogin Ogun a kanku duk sanda aka saki ruwa daga madatsar Oyan. Wato ruwan da kake takawa haɗin gambiza ne, kwata da masai da fitsarin ɓera.

Cin ruwan mai sauƙi ne, ka wanke da sabulu in ka dawo, ka tsane tsakanin yatsu sosai, ka shafa clotrimazole safe da yamma sati biyu zuwa huɗu, kar ka sayi man nan mai haɗin magani uku, lafawa yake yi ya dawo da ƙarfi. Ka sayi takalmin roba mai tsawo. Ƙusar ce ta fi damuna, je ka karɓi allurar tetanus yau, a wanke ramin. In kuma cikin sati biyu zazzaɓi ya zo da ciwon sha-raɓa mai tsanani da jan ido ko idon ya yi ɗorawa kamar shawara, kar ka tsaya kan maganin maleriya, ka gaya wa likita ƙarara cewa cikin ruwan ambaliya kake yini, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera ta irin wannan rauni, tana taɓa ƙoda. Kuma duk inda ka ga wayar lantarki ta faɗi cikin ruwa ka canja hanya, ko da an ce an ɗauke wuta.

Wata malama daga Dakingari: "Tsawa ta faɗa wa wani yaro mai kiwo a gindin bishiya, mutane suka hana a taɓa shi wai sai an zuba mai madarar shanu in ba haka ba za ta kama wanda ya taɓa. Haka ne?"

Ba haka ba ne Malama, ko kaɗan. Jikin wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe wuta, a taɓa shi nan take. Abin da ke kashewa zuciya ce ke tsayawa da numfashi, kuma mintunan da aka ɓata wajen neman nono su ne ransa. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi da sauri, kamar 100 zuwa 120 a minti, sau 30 a hura masa iska a baki sau biyu, a ci gaba. Ki gaya wa ɗalibanki bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili ita ce wuri mafi muni, rumfar kwano a buɗe ma ba mafaka ba ce, ɗaki ko cikin mota shi ne. Masunta in sun ji rugugi su nemi gaɓa. Jan kaya kuma ba ya kiran tsawa, na san za a tambaya.

Wani uba daga Yauri: "Yarona ɗan shekara 11 na fitsarin jini a ƙarshen fitsari, kakarsa ta ce balaga ce."

A gaida Inna da kyau, amma tsargiya ce. Tsutsar na fitowa daga ƙananan katantanwa na cikin gulbi da kududdufi, ta huda fata lokacin wanka ko su, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara. A gwada fitsarin, a ba shi praziquantel gwargwadon nauyinsa, bayan ya ci abinci ya ƙoshi dan yana sa jiri da tashin zuciya. In an bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. A duba ƙannensa da abokan wankansa su ma, in ya koma gulbin kuma zai sake ɗauka, sai a maimaita maganin.