Kiɗan biyola daga hannun masu kiɗan fim

Malam, ka tambayi ko mawallafan kiɗan fim sun rubuta wa biyola, wato wani irin goge na Turawa, wani abu na kanta. Sun rubuta kam.

Fara da Nino Rota na Italiya, mai kiɗan The Godfather. Kiɗansa mai suna Intermezzo na biyola da fiyano gajere ne, yana shiga rai da sauri. Daga nan ka nemi konceto (kiɗan biyola tare da babbar ƙungiyar makaɗa) na Miklós Rózsa, ɗan Hangari mai kiɗan Ben-Hur, wanda makaɗi Pinchas Zukerman ya fara kaɗawa a birnin Pittsburgh na Amurka a 1984. Shi na fi ƙauna, saboda yadda amon biyola ke sauka ƙasa da kauri. John Williams, mai kiɗan Star Wars, shi ma ya rubuta nasa konceton biyola a 2009.

Kada ka zaci irin kiɗan fina-finansu za ka ji, waɗannan suna son natsuwa. In kaɗawa kake so, sai da malami, domin na Rózsa ya fi ƙarfin ɗan koyo.