Amsa: Ruwan shayi ya ƙona hannun yaro, me ake fara yi?

Malama, kin tambaya ko kin yi daidai da kika shafa wa ɗanki man goge baki sa'ad da ruwan shayi ya zube masa a hannu. Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya ba a so, amma ba ke kaɗai ba ce. A layinmu na ga an fasa wa yarinya ɗanyen ƙwai a kan ƙuna, wata maƙwabciya ta rugo da manja, ga famfo a tsakar gida ba wanda ya kalle shi.

Ruwa ake so, na famfo ko na randa, a yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Ko an janye hannun, zafin na ci gaba da cin nama a ciki. Ruwan ne ke kashe shi, mai kuwa rufe shi yake yi. Ban da ƙanƙara, tana ƙara lalata fata. In famfo ya ɗauke, kamar yadda ya saba mana, buta ma ta isa, a riƙa cikawa. Ki lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi.

A cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Rigar da ta manne kada a fizge ta, bororon da ya tashi kada a fasa. A rufe da tsumma mai tsabta, ba auduga ba, don tana liƙewa.

Tunda hannu ne kuma yaro ne ƙarami, ki kai shi asibiti yau. Ki gaya musu abin da kika shafa.